Injiniyar da Ta Yi Kokawa da Kada

A unguwar Ajiya, cikin Jimeta, an yi wata yarinya 'yar aji shida na firamare. Ita ce ƙarama a gidansu. Shi ya sa kowa Auta yake ce mata, har malaman makaranta.

Auta tana da ƙoƙari, ba laifi. Amma tana da wani hali guda. Ba ta iya cewa "ban sani ba". Ko me aka tambaye ta, sai ta ɗaga kai ta ce, "Ai na sani."

Wata ranar Litinin, Malama Hansai ta shigo aji da labari.

"Ranar Alhamis ta mako mai zuwa za mu yi Ranar Sana'o'i," in ji ta. "Za mu gayyato manya su gaya mana irin aikin da suke yi. Wa yake da wanda zai kawo mana?"

Zadok ya ce babansa soja ne. Hilda ta ce yayarta nas ce. Auta ta ga ana neman a bar ta a baya. Sai ta miƙe tsaye.

"Ƙanwar babana injiniya ce! Anti Jemimah. A jami'a take koyarwa."

"Madalla. Injiniyar me?" in ji Malama.

Auta ta sosa kai. Ba ta taɓa tambaya ba.

"Injiniyar... injuna," ta ce.

Yara suka kwashe da dariya. Malama ta ɗaga hannu.

"Me ya ba ku dariya? Ai ta faɗi daidai. Akwai injiniyan gini, akwai na lantarki, akwai kuma na injuna."

Auta ta zauna tana hura hanci. Cinka ta yi, ga shi ta ci. A ranta ta ce, ashe abin ba wuya.

"To, ga aikinki," in ji Malama. "Ki je wurinta ki tambaye ta abu uku. Aikin da ta yi, binciken da take yi, da abin da take sha'awa idan ta tashi daga aiki. Ki rubuta. Ke za ki karanta a gaban kowa kafin ta yi magana."

Ranar Asabar Baba ya ɗauki Auta a babur, suka nufi Mbamba a Yola, inda Anti Jemimah take zaune. Zafi kamar an buɗe tanda. Suka same ta a bayan gida, cikin wata rumfar kwano. Tana sanye da shuɗiyar rigar aiki. Ga baƙin mai a goshinta, ga sifana a hannu.

"Maraba da Auta!" in ji ta. "Babanki ya ce kina da tambayoyi. Zo mu zauna."

Amma idon Auta yana wani wuri. A tsakar gidan akwai bishiyar mangwaro. 'Ya'yan sun nuna jawur, har rassan sun sunkuyo.

"Anti, bari in sha ɗaya tukuna."

Ta sha ɗaya. Ta sha na biyu. Da ta kai na biyar, Anti ta leƙo daga rumfa.

"Auta, ina littafin naki?"

"Ina zuwa, Anti."

Sai ga yaran maƙwabta sun shigo da igiyar tsalle. Shi ke nan, littafi ya zama abin fifita.

Da la'asar Baba ya tayar da babur. Anti ta riƙe hannun Auta.

"Ba ki tambaye ni komai ba fa."

"Kada ki damu, Anti. Ai na san komai a kanki."

Anti ta dubi Baba. Baba ya dubi Anti.

"To," in ji Anti. "Sai ranar Alhamis."

Auta ta koma gida da cikakken ciki da littafi fari fes.

Ranar Litinin, lokacin hutun tara, ta zauna ƙarƙashin dalbejiya da ƙawarta Chinwendu. Mahaifin Chinwendu yana da shago a kasuwar Jimeta, ita kuma akwai ta da surutu.

"Nuna mini abin da kika rubuta," in ji Chinwendu.

Auta ta buɗe littafi. Layi ɗaya ne kawai: "Anti Jemimah injiniya ce."

"Chei! Wannan ne duka? Zadok ya cika shafi biyu a kan babansa. Har da labarin bindiga."



"Wane irin inji take yi?" in ji Chinwendu.

"Manya-manya."

"Kamar jirgin sama?"

Auta ta tuna rumfar kwano da ƙarafan da ta hango. Wa ya sani? Ƙila jirgi ne ba a gama haɗawa ba.

"E, kamar jirgin sama," ta ce. Ta rubuta.

Daga nan biro ya kama gudu. Layi ɗaya ya zama biyar. Biyar suka zama ashirin. Duk abin da Auta ta rubuta, sai Chinwendu ta ce, "Ƙara kaɗan." Ita kuwa sai ta ƙara da yawa.

Da suka koma aji, Malama Hansai ta tambaye ta, "Kin je wurin antin taki?"

"Na je, Malama."

"Kin tambaye ta?"

"Na tambaye ta."

"Kawo in duba."

"Zan sake kwafewa da kyau, Malama. Gobe zan kawo."

Gobe ta yi, Auta ta ce ta manta shi a gida. Jibi kuma Malama tana ta fama da kujeru da lasifika, ba ta tuna ba.

A gida ma Mama ta ce, "Karanta mini in ji."

"Sirri ne, Mama. Sai ranar."

"Tarihin ƙanwar mijina ne ya zama sirri?" in ji Mama. Ta girgiza kai ta ci gaba da tsince shinkafa.

Kafin Alhamis, Chinwendu ta gaya wa Hilda. Hilda ta gaya wa 'yan aji biyar. 'Yan aji biyar suka gaya wa duk makaranta. Har mai sayar da awara a bakin ƙofa ta ji cewa mai ƙera jirgin sama za ta zo.

Ranar Alhamis fili ya cika. Ga yara a kan benci, ga iyaye a kan kujeru. Baba da Mama suna layi na biyu. Yara sai ɗaga kai sama suke yi, kowa yana son ya fara hango jirgi.

Sai ga Keke Napep ya shigo yana tari. Anti Jemimah ta fito. A bayan keken an ɗaure wani abu da tamfol. Maza biyu suka sauke shi da nishi.

"Injin jirgin ne," wani yaro ya raɗa.

"A'a, wutsiyar ce," in ji wani.

Baban Zadok ya yi magana, aka tafa. Yayar Hilda ta yi, aka tafa. Sai hedimasta, Malam Apollos, ya kira Auta.

Auta ta hau dandamali. Ta gyara murya.

"Injiniya Jemimah babbar injiniya ce. Ita kaɗai ta ƙera jirgin sama a bayan gidanta a Mbamba."

Yara suka ce, "Kai!"

Anti tana shan ruwa. Sai ta ƙware.

"Ta yi bincike a ƙasashe ashirin da bakwai. Tana jin harsuna goma sha biyu. Yanzu tana binciken motar da za ta riƙa tafiya da kunun tsamiya maimakon fetur."

Malam Apollos ya gyaɗa kai. "Wannan zai taimaki talaka," in ji shi.

Baba ya cire hula ya rufe fuska da ita. Mama ta kama haɓa. Malama Hansai ta ajiye biro, ta ƙura wa Auta ido.

Auta ba ta ga ko ɗaya ba. Daɗin tafi ya ɗebe ta.

"Idan ta tashi daga aiki, abin da ta fi sha'awa shi ne kokawa da kada a kogin Binuwai. Ta kayar da guda huɗu. Na gode."

Fili ya kaure da tafi da ihu. Tun kafin Anti ta miƙe, hannaye sun tashi.

"Anti Injiniya, nuna mana inda kada ya cije ki!"

"Anti, jirgin yana ɗaukar mutum nawa?"

Malam Apollos ma ya matso. "Injiniya, ko za a ɗan zaga da 'yan aji shida? Ni zan raka su, saboda tsaro."

Anti Jemimah ta karɓi makirufo. Ta daɗe tana murmushi kafin ta yi magana.

"Jama'a, na gode. Na saurari tarihin wannan mata, kuma ta burge ni ƙwarai. Don Allah, duk wanda ya san gidanta ya kai ni in gaishe ta."

Iyaye suka fashe da dariya. Yara suka dubi juna.

"Ni dai ban taɓa ƙera jirgi ba," in ji Anti. "Ƙasar waje ɗaya na taɓa zuwa. Kamaru ce, kuma bikin ƙawata ya kai ni. Harsuna huɗu nake ji. Batun kada kuwa, ni da ko ƙadangare ya shigo ɗakina sai in bar masa ɗakin!"

Dariya ta ƙaru. Baban Zadok, soja guda, har da share hawaye.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Anti ta yaye tamfol. Sai ga wani inji mai ƙafa huɗu. Yana da baki kamar mazurari a sama, da mariƙin juyawa a gefe.

"Ga abin da nake yi. Injin ɓare gyaɗa ne."



"Gyaɗa kawai?" in ji wani yaro daga baya.

"Ashe ba jirgi," in ji wani. Wasu suka fara hamma. Wasu suka juya suna hira.

Auta ta dubi fuskar Anti. Murmushin yana nan, amma ya ragu. Anti ta shafa injin a hankali, kamar mai lallashin yaro. Wannan ya fi dariyar yi wa Auta ciwo. Da ba ta yi ƙarya ba, da yanzu kowa yana leƙen injin nan da sha'awa. Ita ce ta sa aikin Anti ya zama ƙarami a idon mutane.

Ba ta san lokacin da ta koma wurin makirufo ba.

"Malam, ina da magana." Ta juya ta fuskanci jama'a. "Duk abin da na karanta, ni na ƙirƙira. Ban tambayi Anti komai ba. Da na je gidanta, mangwaro na tsaya sha. Na kuma yi wa Malama ƙarya. Anti, ki yi haƙuri. Malama, ki yi haƙuri."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Chinwendu ta sunkuyar da kai.

Anti ta dafa kafaɗarta. "Na haƙura. To, ga ni, ga ki. Yi mini tambaya ɗaya yanzu."

Auta ta share ido. Ta dubi injin.

"Anti, me ya sa kika yi shi?"

"Yawwa! Wannan ita ce tambaya." Anti ta juya ga yara. "A wani ƙauye kusa da Ganye aka haife ni. Mahaifiyata, kakar Auta, gyaɗa take nomawa. Da hannu muke ɓarewa. Buhu ɗaya sai ya ɗauke mu kwana da kwanaki. Yatsunta har tsagewa suke yi. Tun ina kamar ku na ce sai na yi abin da zai hutar da hannun nan."

Masu hira suka juyo suna saurare. Da yawansu sun san zafin ɓarar gyaɗa.

"Na yi karatun injuna. Na gama na fara gwaji. Kun san abin da injina na farko ya yi?"

"A'a!"

"Na zuba gyaɗa, sai ya ba ni tunkuza. Har da ɓawon a ciki."

Yara suka tuntsire.

"Na biyu kuwa harbi yake yi. Kana juyawa, gyaɗa tana tsallake katanga. Cikin wata ɗaya kajin maƙwabcina suka yi ƙiba har ba sa iya gudu. Da na gyara injin, sai da ya zo ya tambaye ni ko lafiya."

Malam Apollos ya riƙe ciki.

"Na uku bai ɓare ko ɗaya ba. Yadda ka zuba, haka za ta fito tana kallonka. Wannan da kuke gani shi ne na bakwai. Shekara shida na yi a kansa. Ina aunawa, ina gwadawa, ina rubutawa. Ina kuma zuwa gona in tambayi manoma. Injiniya ba ya cinka. In bai sani ba, tambaya yake yi."

Sai ta kwance wani ɗan buhu.

"Mu yi gasa. Yara goma su ɓare da hannu. Auta ita kaɗai ta juya inji."

Yara goma suka fito da gudu, Zadok a gaba. Aka ba su kwano ɗaya. Aka zuba kwano ɗaya a inji. Malam Apollos ya hura usur.

Auta ta kama mariƙi ta fara juyawa. Injin ya ce ƙwarrr! Ɓawo ya riƙa fita ta gefe, 'ya'yan gyaɗa suna zubowa cikin tasa, jajaye, ba fashewa. Kafin yaran nan su ci rabin kwanonsu, Auta ta gama.

Na ce "su ci" ne don kuwa ci suke yi. Zadok yana ɓare ɗaya yana jefa biyu a baki.

Fili ya ruɗe. Kowa yana son ya juya. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli daga Yolde Kohi ta ture yara ta matso. Ta juya sau uku, ta dubi yatsunta, ta dubi Anti.

"Useko, 'yata," ta yi godiya da Fulatanci. "Allah Ya yi miki albarka. Ina kika shiga tun muna da ƙarfi?"

Bayan an tashi, Malama Hansai ta kira Auta ofis.

"Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya," in ji ta. "Amma aikin da na ba ki yana nan. Za ki sake shi. Ranar Litinin ki karanta a asambili. Kuma Chinwendu ta gaya mini ita ta zuga ki, don haka ke da ita ku share ɓawon gyaɗar nan duka."

Suka ɗauki tsintsiya. Fili kuwa ɓawo ko'ina.

"Abeg, ki yafe mini," in ji Chinwendu. "Ni na ce ki ƙara."

"Ke kika ce, amma ni na rubuta," in ji Auta.

Ranar Asabar ta koma Mbamba. Ta shiga rumfa kai tsaye, ta zauna a kan benci da littafi a cinya.

"Anti, ina kika fara aiki?"

"A wani kamfanin sukari. Shekara biyar ina kula da injunansu. Ni kaɗai ce mace a sashenmu. Ranar farko mai gadi ya zaci abinci na kawo sayarwa."

Auta ta rubuta. "Daga nan fa?"

"Na koma jami'a na ƙaro karatu. Yanzu ina koyar da ɗalibai. Ina kuma binciken akwatin da zai busar da tumatir da zafin rana, don kada ya riƙa ruɓewa a hannun manoma."

"Ya yi aiki?"

"Tukuna. Na makon jiya dafa tumatirin ya yi."

Auta ta yi dariya. Ta ɗaga biro. "In rubuta cewa ya kusa yin aiki?"

"Rubuta abin da na faɗa, ba abin da kike so in faɗa ba."

Auta ta rubuta: "Bai yi aiki ba tukuna."

"Saura abin da kike sha'awa."

Anti ta kai ta wani ɗan ɗaki. Bangon cike yake da tsofaffin agogo. Wani ya ce ƙarfe uku, wani ya ce tara, wani ya tsaya cik.

"Ina son gyaran tsofaffin agogo. Ina kuma waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Sai dai kullum a layin baya ake sa ni, nesa da makirufo. Har yau ban san dalili ba."

"Anti, ɗan rera in ji."

Anti ta rera baiti ɗaya. Auta ta gane dalili nan take. Amma ba ta rubuta wannan ba.

Ranar Litinin ta tsaya a gaban asambili. Shafi ɗaya da rabi ta karanta. Kowane layi daga bakin Anti ya fito. Da ta gama, wani ɗan aji huɗu ya ɗaga hannu.

"Injin yana iya ɓare gujiya?"

Auta ta buɗe baki. Amsa ta taho har kan harshenta. Sai ta tsaya.

"Ban sani ba," ta ce. "Amma zan tambayo maka."

Malama Hansai ce ta fara tafi, sauran suka bi.

Tun daga ranar Auta ta riƙe darasinta, ku ma ku riƙe shi. Idan ba ku san abu ba, ku tambayi wanda ya sani. Kada ku cike gurbin da ƙarya. Faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Ƙarya ce abin kunya, kuma takan ɓata har wanda ake son a yaba.